Daga Gonar Auduga Zuwa Bakin Karofi



Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba sana'o'in hannu na gargajiya a karkarar arewacin Jihar Kano, wato ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da maƙwabtansu, inda gona ke manne da gona, gida ke hango gida, har ya zama da wuya mai tafiya a ƙasa ya yi rabin sa'a bai ga rumbu ko rijiya ba. Masana labarin ƙasa, musamman Michael Mortimore wanda ya fara nazarin yankin a shekarun 1960, sun ware wannan ƙasa da ke kewaye da birnin Kano da suna na musamman saboda cunkoson jama'arta, kasancewar tana cikin wurare ƙalilan a Afirka ta Yamma da ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da takin dabbobi da toka da sharar gari da jakuna ke kawowa a mangala. Abin tambaya shi ne yadda jama'a mai wannan yawa ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan 'yan gonaki masu yashi, alhali damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Rabin amsar yana gona, ɗaya rabin kuwa yana ƙarƙashin rumfar masaƙi da bakin ramin marini, domin a da, da zarar an kammala girbi an kai gero da dawa rumbu, sai magidanci ya ajiye fartanya ya koma kan sana'ar da ya gada, wadda ita ce ke biya masa haraji, ta aurar masa da 'ya'ya, ta kuma hana shi fasa rumbu tun damina ba ta faɗi ba.

A cikin waɗannan sana'o'i babu wadda ta kai ta tufafi girma, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin sana'a guda bai fahimce ta ba, domin jerin ayyuka ne da kowanne ke jingine da na gabansa, tun daga manomin da ya shuka auduga a gefen gonar dawa har zuwa falken da ya ɗora rawani a bayan raƙumi. Aikin farko bayan na manomi na mata ne, a cikin gida ake yin sa, shi ya sa ma littattafan tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba. Idan aka tsince auduga, mace kan shimfiɗa ta a kan wani ɗan dutse mai laushin fuska da ake kira magurji, ta riƙa murza ta da sandar ƙarfe har 'ya'yan su fita, wannan shi ne gurza, 'ya'yan kuwa su ne angurya, wadda ake ajiye wata don iri a ba dabbobi saura. Daga nan sai shiɓa, wato kaɗa audugar da tsirkiyar wani ɗan baka har ta buɗe ta yi sakayau. Sannan a zo ga kaɗi, inda mace ke riƙe audugar a hannun hagu, ta murza mazari da na dama, mazarin na juyawa a cikin taskira ko a kan 'yar fata, tana dangwalo alli da yatsu don kada gumi ya sa su santsi, zaren na fita daga audugar a hankali kamar ba ya so. Zare siriri mai ƙarfi shi ake kira arafiya, mai kauri da laushi kuwa abawa, kuma kowanne da inda ake bukatarsa. Aiki ne mai cin rai, sai mata da dama sun yi kaɗi kafin masaƙi guda ya sami abin da zai ishe shi, amma da shi ne matar da ke cikin kulle take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi ne kuma tsohuwa take rufa wa kanta asiri ba tare da ta miƙa hannu ga kowa ba.

Zaren da ya fito daga cikin gida masaƙi ne ke karɓarsa, ya fara da wadari, wato kafa turaku a fili ya yi ta kai da komowa da zaren a tsakaninsu har ya jera tsawon da yake so. Masaƙar maza ta ƙasar Hausa 'yar ƙarama ce, itatuwa ne kaɗan da ake kafawa a gindin tsamiya ko a zaure, amma zaren tsayenta yakan miƙe taku da yawa a gaban masaƙin, an ɗaure ƙarshensa a jikin wani katako da aka ɗora wa dutse, wanda ake ce wa kunkuru saboda yadda yake jan ciki yana matsowa sannu a hankali duk lokacin da masaƙin ya naɗe abin da ya saƙa. Da yatsun ƙafa yake taka igiyoyin da ke buɗa zaren sama da ƙasa, da hannu kuma yake jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon nan mai siffar jirgin ruwa da ke ɗauke da kwarkwaron zare, ya cafe ta a ɗaya hannun, ya daki zaren ya zauna, duk a cikin ƙiftawar ido, har wanda ke nesa yakan gane ƙwarewar masaƙi daga sautin aikinsa tun bai gan shi ba. Abin da ke fita shi ne sawu, wato ƙyalle mai tsawo wanda faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, sai an haɗa sawaye da yawa an ɗinke kafin a sami zane ko riga. A nan ne ake samun fari, da saƙi mai 'yan ƙananan gidaje na shuɗi da fari, da gwado da luru na rufa lokacin hunturu, da kuma tsamiya, wadda ake saƙawa da zaren da wata tsutsa ke yi a jikin itatuwa. Ƙasar Minjibir ta daɗe da yin suna a wannan aiki, kuma har gobe idan ana lissafin garuruwan saƙa a Jihar Kano ba a tsallake ta.

Rini kuwa shi ya kai sunan Kano nesa. Baba shi ne tsiron da ake samun shuɗin launi daga ganyensa, ana shuka shi a gona kamar kowane amfani, a yanke shi, a daka, a dunƙula, a shanya. Karofi kuwa shi ne wurin da ramukan rini suke, kowane rami mai ƙaramin baki ne amma zurfinsa yakan wuce tsayin mutum biyu. Marini kan cika ramin da ruwa, ya zuba toka da baba da katsi, wato laka da ke taruwa a gindin tsohon rami wadda ake kwasowa a dunƙula a ƙone, sannan ya rufe shi da ɗan murfin ciyawa mai tsini ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana zuwa yana motsa shi da doguwar sanda har kumfa ta taso mai ƙyalli, wari kuma ya sanar da duk unguwa cewa ruwa ya nuna. Abin mamaki ga wanda bai saba gani ba shi ne, idan aka tsoma farin ƙyalle aka ɗago shi, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo, dalili kuwa shi ne launin baba ba ya narkewa a ruwa sai ruɓar nan ta sauya shi, iska kuma ita ce ke mayar da shi yadda yake bayan ya riga ya shige cikin zare. Saboda haka marini ba ya jiƙa kaya ya tafi, tsomawa yake yi ya ɗago ya matse ya baza, ya sake tsomawa, sau da yawa, gwargwadon duhun da mai kaya ya biya. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a binciken da ya kammala a 1975 cewa abin da ya ba marinan Kano rinjaye a ƙarni na 19 shi ne laso, wani irin siminti na gida da ake haɗawa da katsi da gashin dabbobi da ruwan wasu tsirrai masu yauƙi, domin shi ya ba da damar a bar manyan tukwanen ƙasa da ake binnewa a koma ga ramuka masu zurfi da ke ɗaukar kaya mai yawa a kan kuɗi kaɗan. Bisa ƙiyasinsa, ƙarshen wancan ƙarni ya riski masarautar Kano da ramukan rini aƙalla 15,000, mafi yawansu a ƙauyuka, abin da ya sa hukuma ta ware musu harajinsu na daban mai suna kuɗin karofi. Marinar Ƙofar Mata da ke birni, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce baƙi suka fi sani, amma ɗaya ce tak daga cikin masu yawa da aka yi a da.

Bayan rini sai bugu, inda ake ɗora kayan a kan gungumen itace a barbaɗa musu garin shuni, mabuga su yi ta dukansu da manyan kulake bi da bi har su yi ƙyalli kamar ƙarfe. Garin Kura da ke kudancin Kano shi ya fi shahara da wannan, musamman turkuɗi da rawanin ɗan kura da Buzaye ke ƙauna duk da yana rina musu fata. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar kowace shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, suna isa Tambutu da Gat da Tarabulus, har ya yaba da cewa a cikin iyali ake aikin, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Sai dai gaskiya ba ta cika idan aka tsaya a yabo, domin wani kaso na audugar da babar nan bayi ne suka noma shi a rinjojin sarakuna da attajirai, irin na Fanisau da ke ƙasar Ungogo, kuma wanda ke alfahari da kyan rigar ya kamata ya san hannayen da suka yi wahalarta.

Sauran sana'o'in ma haka suke manne da gona. Maƙeri ne ke yin garma da fartanya da lauje da magirbi, kuma ƙira ta girmi birnin kansa, tunda an gano alamun cewa ana narka tama a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Dawakin Tofa ta yi suna da ginin tukwane, randa da tulu da kasko. Majemi na jeme fata da bagaruwa, baduku ya rina ta ja da karan dafi, mata da yara kuma su saƙa tabarma da faifai da kabar goriba.

Rushewar sana'ar tufafi ba a rana ɗaya ta faru ba, kuma ba ta faru yadda Turawa suka tsara ba. Bayan sun ci Kano a 1903, burin masu masaƙun Lankashaya ta Ingila shi ne jirgin ƙasa ya riƙa kwaso musu audugar wannan ƙasa, amma da layin dogo ya iso a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai suka tarar masaƙan gida na sayen auduga da tsadar da kamfanonin Turawa ba za su iya biya ba, manoma kuwa suka duba lissafinsu suka rungumi gyaɗa, wadda ta fi kawo kuɗi kuma ana iya cin ta idan shekara ta ƙi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa sana'ar tana da ƙarfinta a lokacin. Abin da ya ci ta daga baya, ta gindi ya biyo. Wani kamfanin Jamus, BASF, ya fara sayar da shuɗin rini na sinadari a 1897, da sannu kuma irin wannan ya iso kasuwannin Kano cikin gwangwani, wanda ke rina kaya a rana guda a cikin ganga, sai noman baba ya ja baya. Zaren inji ya shigo, ya fi arafiya sauƙi da araha, masaƙi ya karɓe shi hannu bibbiyu, bai lura ba cewa ya yanke wa matarsa da mahaifiyarsa hanyar samu. Masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kano, su ma kuma yawancinsu suka durƙushe daga baya a gaban yadin da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, wanda ya cika Kantin Kwari a yau. Abin lura a nan shi ne zaren ya tsinke ne a inda ba a kallo, wato wajen kaɗi da gonar baba, saboda haka ko an sami masaƙi a yau yana aiki, akasari zaren kanti yake jefawa, ko an sami marini a bakin rami, ba lallai ne babar gona ce a ciki ba.

Domin a ga inda irin wannan tsinkewa ke kaiwa, yana da amfani a leƙa wata al'umma mai nisa, wato Cikaso, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka. Ƙasarsu ta gado tana arewacin Misisifi da sassan Alabama da Tenesi, kuma manoman masara ne da suka iya ginin tukwane da yumɓu da aka gauraya da dakakken bawon ƙumbar kogi don kada ya fashe a wuta, kamar yadda maginin tukwane na nan ke gauraya nasa da garin tsingaro ko ƙaiƙayi. Suna saƙa kwanduna da wata gora da ke tsirowa a bakin rafi, suna saƙa ɗamara da yatsu kawai ba tare da masaƙa ba, suna sassaƙa abin wuya da bawon dodon koɗin teku, matansu kuma na ɗaura ƙoƙon kunkuru mai tsakuwa a ƙafa lokacin rawa, abin da zai tuna wa Bahaushe da cakansami. Bayan dokar kwashe ƙabilun asali da gwamnatin Amurka ta kafa a 1830, an tilasta musu barin ƙasarsu daga 1837 zuwa yankin da ya zama jihar Oklahoma, inda yumɓun da suka sani da yalwar gorar da suka saba da ita suka zama tarihi, makarantun kwana kuma suka raba yara da harshen iyayensu. Da jikokinsu suka tashi farfaɗo da ginin tukwane a ƙarshen ƙarni na 20, sai da wasunsu suka koma ga tsingaron da masu tonon kayan tarihi suka haƙo da kuma abin da ke ajiye a gidajen tarihi, suna gwadawa suna fasawa, domin masu koyar da su sun riga sun ƙare. Gwamnatin ƙabilar, mai mazauni a garin Ada, ta buɗe katafariyar cibiyar al'adu a garin Sulphur a 2010, ta kafa azuzuwan saƙa da gini da harshe, ta kuma mallaki kamfanin yadi mai suna Mahota Textiles wanda ke ɗora zanen gargajiyarsu a kan barguna da jakunkuna na sayarwa. Duk da haka, a ƙarshen 2013 Emily Johnson Dickerson ta rasu, wadda ita ce ta ƙarshe da ba ta jin wani harshe sai na Cikaso, masu jin harshen tun daga nono kuwa ba su kai ɗari ba a yau.

Halin da karkarar Kano ke ciki ya sha bamban da wannan, domin ba a kori kowa daga ƙasarsa ba, harshen Hausa kuma sai ƙara bunƙasa yake yi, amma akwai wani ɓangare na harshen da ke mutuwa ba a sani ba, wato kalmomin sana'a. Yaron da ya tashi a Bichi ko Gezawa a yau yana iya jin Hausa kamar jakin Kano, amma a tambaye shi bambancin arafiya da abawa, ko mene ne katsi, sai ya yi zuru, kuma kalmar da aka daina aiki da abin da take nufi ba ta daɗewa a baki. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna adana kayan tarihi a birni, kuma aikinsu abin yabo ne, sai dai mazarin da ke cikin akwatin gilashi ba ya gaya wa kowa yawan allin da ake dangwalowa, ko yadda ake gane ruwan baba ya nuna ta wari da launin kumfa. Wannan ilimi a yatsu da hanci yake zaune, kuma masu shi tsofaffi ne da ke ƙauyukan nan har yanzu, waɗanda za a iya zama da su a ɗauki muryarsu da hoton hannayensu da wayar da ke aljihun kowane matashi, abin da jikokin Cikaso za su so a ce sun samu.

Akwai kuma batun suna, wanda shi ne ya fi shafar aljihu. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da wani kaya da sunan aikin hannun ƙabilun asali alhali ba su suka yi shi ba, ta kuma tanadi tara da ɗauri ga mai yin haka, manufar ita ce kada mai inji ya ci da guminsu. Mai saye a kasuwannin Kano kuwa ba shi da wata alama da za ta tabbatar masa cewa gwadon da aka miƙo masa saƙar Minjibir ce, ko shuɗin da ke jikin zane na baba ne ba na gwangwani ba, saboda haka mai aikin gaske da mai kwaikwayo farashi ɗaya ake taya musu, wanda kuwa ya ɓata mako guda a kan abin da wani ya yi a wuni ɗaya shi zai fara gajiya. Masu sayen kayan asali ba su ƙare ba, tunda sarakuna da mahaya hawan Sallah na neman rigar saƙi mai aska takwas da rawani mai ƙyalli, Buzayen Agadas ba su daina naɗa turkuɗi ba, masu ɗinkin zamani a Legas da Turai kuma na cigiyar yadin da aka rina da tsiro. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa waɗannan masu saye da ƙauyen da aikin yake, aikin da a da fatake da dillalan Kasuwar Kurmi ke yi, da kuma manomin da zai yarda ya ware kunya biyu ko uku a gefen gonarsa ya zuba irin baba, wanda ba zai yi haka ba sai marini ya yi masa alkawarin saye tun kafin ruwan shuka ya sauka.